Abin Hawan Da Ke Shiga Ko'ina Kada Ya Kwana Ko'ina

Ranar Alhamis, 17 ga watan Yuni na shekarar 2021, 'yan bindiga suka auka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Yawuri, a cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, da rana tsaka, suka harbe ɗan sanda guda, suka kuma tasa ƙeyar ɗalibai masu yawa tare da waɗansu malamansu zuwa daji. Kowa ya san irin wahalar da iyayen yaran nan suka sha, domin kuwa sai a cikin shekarar 2023 ne na ƙarshe daga cikin 'yan matan suka komo gida. Amma a cikin bayanin da rundunar 'yan sandan jihar ta bayar a lokacin akwai wata 'yar magana wadda girman masifar ya danne ta, har ba ta sami kulawar da ta kamace ta ba. Watau an ce akwai wata farar mota ƙirar Hilux, mai ɗauke da rubutun ma'aikatar shari'a ta jihar, wadda maharan suka ƙwace a kan hanyar Birnin Yawuri, suka kuwa haɗa ta da baburansu wajen aikata wannan ta'asa. Motar da aka saya da kuɗin jama'a domin hidimar shari'a, ita ce ta wayi gari tana yi wa maƙiyan jama'a aiki.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa a ƙasar Yawuri satar abin hawa ta wuce matsayin hasarar mutum ɗaya. Idan aka sace wa mutum rediyo ko buhun gero, shi da iyalinsa ne za su ji a jikinsu. Idan kuwa aka sace babur mai ƙarfi, ko mota mai ja da ƙafa huɗu, to gari ne gaba ɗaya ya yi hasara sau biyu: an rage masa abin da ke kai marar lafiya asibiti, an kuma ƙara wa masu kawo masa hari abin da za su hau su zo. Saboda haka tsare irin waɗannan abubuwan hawa nauyi ne da ya hau kan mai shi, da maƙwabcinsa, da dagacinsa, da kuma hukuma.

Wanda bai san yanayin wannan ƙasa ba zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa abin hawa mai shiga ko'ina ya zama kamar ƙafar mutum a can. An gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin shekarar 1964 da 1968, ruwan kogin Kwara ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, tun daga madatsar har zuwa wajejen Yelwa. Mutane fiye da 40,000 aka tayar daga tsibirai da garuruwan bakin kogi aka sake musu matsuguni, ciki har da Gungawa da Kambari da sauran ƙabilun masarautar Yawuri. Tun daga wannan lokaci zaman jama'a ya zama a warwatse, tunga nan, tunga can, a bakin ruwan da ke cika yana janyewa kowace shekara, manoma kuma suna bin bayansa suna shuka a inda ya bari. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Kwantagora ta bi ta Yelwa ta nufi Koko da Jega ba ta ratsa yawancin waɗannan ƙauyuka ba. Wanda ya sauka daga kanta ya nufi tungayen masunta da ke kewayen Warra, ko ƙauyukan Shanga na bakin kogi, da damina zai yi ta fama da laka da rafuka, da rani kuwa da rairayi. Ƙaramar mota ta birni ba ta da ta cewa a nan.

A ƙasashen Turai da Amurka, in an ce abin hawa mai shiga ko'ina, galibi ana nufin wani ɗan babur ne mai ƙafa huɗu da faffaɗan tayoyi, wanda manoma ke zagaya gonakinsu da garkunansu da shi. Kamfanin Honda na Japan ya fito da mai ƙafa uku a shekarar 1970, Suzuki kuma ya fito da mai ƙafa huɗu a 1982. A nan kuwa wannan aiki abubuwa biyu ne suka ɗauke shi. Na farko shi ne motar shiga daji, tun daga Land Rover ta zamanin En'e, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, har zuwa Land Cruiser da Hilux na yanzu. Hilux ɗin ma sa'ar tafkin Kainji ce, domin a 1968 aka fara yin ta. Na biyu, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, shi ne babur mai ƙafa biyu, irin su Bajaj Boxer na Indiya da Honda. Shi ne ke ɗauko buhun albasa daga fadama, shi ne ke kai kwandon busasshen kifi kasuwa, shi ne ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare, shi ne kuma malamin allurar rigakafi ke ɗaura wa akwatinsa na ƙanƙara ya shiga da shi rugagen da mota ba ta taɓa zuwa ba. Matashin da ke kabu-kabu kuwa, sau da yawa babur ɗin da yake hawa bashi ne, yana biya kaɗan-kaɗan kowane mako. In an sace shi, sana'a ta tafi, bashi ya zauna.

To, abin da ya sa wannan abin hawa ya zama abokin talaka shi ne dai ya sa ya zama abin kwaɗayin ɓarawo da ɗan bindiga. Ba sabon abu ba ne. A shekarar 1987 sojojin Chadi suka fatattaki rundunar Libiya mai tankoki da jiragen sama daga arewacin ƙasarsu, da ƙananan motocin a-kori-kura na Toyota waɗanda aka ɗora wa manyan bindigogi, har aka yi wa yaƙin laƙabi da sunan motar. Abin da duniya ta koya a wannan yaƙi shi ne, a ƙasa mai faɗi marar hanyoyi, wanda ya fi saurin zuwa da saurin ɓacewa shi ne ke da rinjaye. 'Yan bindigar dazukan Arewa maso Yamma ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san shi sarai. Shi ya sa lokacin da aka sace ɗaliban Jami'ar Greenfield a jihar Kaduna a 2021, abin da masu garkuwar suka nema ya haɗa da Naira miliyan 100 da babura 10. Mutumin da ke neman babur a matsayin kuɗin fansa ya faɗa da bakinsa cewa babur makami ne a wurinsa.

Hukumomi ma sun gane haka. A watan Mayu na 2019 rundunar sojan ƙasa ta hana hawan babur a cikin dazukan jihohi bakwai, Kebbi da Neja suna ciki. A ƙarshen 2021 gwamnatin jihar Neja ta hana sayar da waɗansu nau'o'in babura a faɗin jihar. A watan Yuli na 2022 kuma Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya shaida wa manema labarai cewa Majalisar Tsaro ta Ƙasa tana duba yiwuwar hana babura a ƙasar baki ɗaya, ko da yake maganar ba ta kai ga zama doka ba. Ba a musun kyakkyawar niyyar da ke bayan waɗannan matakai. Sai dai akwai abin da hankali ke nunawa, wanda masu tsara su ba su cika faɗa ba: in an toshe wa ɗan bindiga hanyar sayen sabon babur a kanti, bai daina bukatar babur ba, sai dai ya juya ga wanda ke hannun manomi da malamin makaranta. Kowace doka da ta tsananta a kan sayar da sabo, ƙara wa na sata daraja take yi. Hana sayarwa ba tare da tsare na hannun jama'a ba, rufe ƙofa ne da barin taga a buɗe.

Warra, hedkwatar Ngaski, tana da wata matsala ta musamman wadda garuruwan tudu ba su da ita, watau ruwa. Jiragen katako masu inji suna ta kai da kawowa tsakaninta da gaɓar Borgu ta jihar Neja, suna ɗauke da mutane da hatsi da dabbobi da babura. Mummunan haɗarin da ya auku ranar 26 ga watan Mayu na 2021, lokacin da wani jirgi maƙare da fasinjoji ya nutse a wannan mashigi, mutane masu yawan gaske suka rasu, ya nuna wa duniya yawan zirga-zirgar da ake yi a nan da kuma ƙarancin lissafin abin da ke shiga jirgi. In ba a iya sanin adadin mutanen da suka hau ba, ina za a san lambar babur ɗin da aka ɗora? Babur da aka ɗauke daga ƙofar gida bayan sallar isha'i, kafin mai shi ya fito sallar asuba yana iya kasancewa a wata jiha, ƙarƙashin wata rundunar 'yan sanda dabam. Can ƙetare kuwa ga gandun dajin Kainji mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 5,000, wanda a 'yan shekarun nan 'yan bindiga suka sami mafaka a cikinsa, bayansa kuma ga iyakar Jamhuriyar Benin. Satar ɗaliban makarantar Papiri da ke Agwara a watan Nuwamba na 2025 ta ƙara tuna wa mutanen Yawuri cewa abin da ke faruwa a wancan ƙetaren ba labarin nesa ba ne.

Ya kamata a raba magana biyu, domin sata dabam, ƙwace dabam, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Sata ita ce a ɗauke abu mai shi ba ya nan ko yana barci. A nan dole a faɗi gaskiya, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yawancin masu babur sun dogara ne ga makullin wuya da kamfani ya sa, alhali kuwa kowane yaron makaniki ya san cewa da ƙarfi ɗaya ake karya shi, wayoyin kunnawa kuma a fili suke, haɗa su ba ya ɗaukar minti guda. Kakannin mutanen nan da suka riƙe dawaki ba su taɓa barin doki a ƙofar gida ba tare da turke ba, kuma bargar tana cikin gida ne inda mai shi zai ji haniniya. Babur ma turke yake bukata. A haƙa rami a zaure ko a tsakar gida, a dasa zoben ƙarfe mai kauri da siminti, a sami sarƙa mai nauyi da kwaɗo na kirki. Kuma a lura, sarƙar ta ratsa ta jikin ƙarfen babur ɗin ne, kada a tsaya ga taya kaɗai, domin taya kwance ta ake yi a bar wa mai shi ita ya yi ta kallo. Kada kwaɗon ya kwanta a ƙasa, inda za a sami wurin dukansa da guduma. Waɗansu kuma sukan sa makaniki amintacce ya ɓoye musu wani ɗan makunni a inda su kaɗai suka sani, wanda in ba a taɓa shi ba inji ba zai tashi ba, waɗansu kuwa sukan cire hular fulogi su shiga da ita ɗaki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai gagari ɓarawon da ya sami dare guda cur ba mai damunsa. Amfaninsu shi ne su ɓata masa lokaci su kuma tilasta masa yin ƙara, abubuwa biyun da ɓarawo ya fi ƙi.

Da rana kuwa, wuraren da aka fi yin hasara su ne inda jama'a suka taru hankalinsu yana wani wuri: ranar kasuwa, masallacin Juma'a, gidan biki, ƙofar asibiti. Abin mamaki ne a ga mutumin da ya yi shekara biyu yana tara kuɗin babur yana ƙyashin ba mai gadin babura 'yan kuɗin da ba su kai na kwanon abinci ba.

Akwai kuma wani sakaci da ya fi waɗannan duka yawa, watau rashin sanin lambar abin hawa. Kowane babur da kowace mota suna da lamba biyu da aka buga a jikin ƙarfe tun daga masana'anta, ta inji da ta shasi. Su ne sunan yanka na abin hawa. Lambar da ake liƙawa a baya kuwa riga ce, cire ta ake yi a sa wata. A tambayi masu babur goma a tashar Warra su faɗi lambar injinsu, a ga nawa za su iya. Mutum zai je caji ofis yana kuka an sace masa babur, a tambaye shi kamanninsa, ya ce ja ne, Boxer ne. Jajayen Boxer nawa ne tsakanin Yelwa da Kwantagora? Ko da 'yan sanda sun kama ɓarayi da babura ashirin, wanda ba shi da rasit ba shi da lamba ba shi da hanyar da zai ce wannan nawa ne, sai su yi ta tsatsa a harabar ofis. Rubuta lambobin nan biyu a takarda, da ajiye kwafi ɗaya a gida ɗaya a wurin ɗan'uwa, da ɗaukar hotonsu a waya, ba ya cin ko kwabo. Ga aiki nan ga ɗalibai masu zuwa hutu ƙauye, waɗanda iyayensu da yayyensu ba su yi boko ba.

Maganar motocin gwamnati ta fi wannan ɗaci, kuma ma'aikata sun fi kowa sanin haka. Tsohuwar ƙa'idar aiki a bayyane take: motar ofis tana da littafin tafiye-tafiye, ana rubuta inda ta je da wanda ya ba da izini, da yamma kuma ta koma harabar ofis, a miƙa mabuɗi ga wanda aka ɗora wa alhakinsa. Yau kuwa sau nawa ake ganin motar aikin gona ko ta aikin lafiya a ƙofar gidan biki da tsakar dare, ko tana jigilar itacen girki a ƙarshen mako? Mabuɗi yana aljihun direba, na biyun ba wanda ya san inda yake, na uku kuwa an yanka shi a kasuwa ba da sanin kowa ba. Ga kuma wata satar da ba a kiranta da sunanta, wadda ake yi da biro: aiki ya ƙare, ko gwamnati ta sauya, motocin da aka sayo domin shiga ƙauyuka su bi manya zuwa gidajensu, a goge rubutun jikinsu, shi ke nan. Ofishin da bai iya faɗin adadin motocinsa da lambobinsu ba, in an sace ɗaya yaushe zai sani? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na'urorin zamani suna da amfani, amma kada a ɗauke su laya. Akwai na'urar hana inji tashi sai da mabuɗinsa na asali, wadda Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motoci tun 1998, satar mota kuma ta ragu ƙwarai a can bayan haka. Akwai kuma na'urar bin sawu, wadda ke nuna inda mota take a kan taswira, wata ma ana iya kashe injin da ita daga nesa. Ya kamata a ce kowace motar gwamnati mai shiga daji a Ngaski da Shanga da Yawuri tana da ita. Sai dai yawancin irin waɗannan na'urori da layin wayar salula suke aika saƙo, ƙauyukan bakin tafki da yawa kuwa layin ba ya kama su sosai. Kuma an ga yadda a watan Satumba na 2021 gwamnati da kanta ta rufe layukan waya a Zamfara da sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ban da haka, na'urar tana bukatar a riƙa biyan kuɗinta, a kuma sami wani ma'aikaci takamaimai da aikinsa ne duba ta. In an sa ta ranar bikin miƙa motoci, aka yi tafi, aka watse, bayan shekara guda ta zama ƙarfe kawai.

Ƙwace kuwa wani abu ne dabam. Wanda aka tare da bindiga a kan hanya, sarƙa da kwaɗo ba su da abin da za su yi masa, kuma babu wani babur ko mota da ta kai ran mutum. Direban da ya miƙa mabuɗi ya tsira da ransa bai yi laifi ba, bai kuwa kamata a bi shi da takardar tuhuma kamar shi ne ɗan fashin ba. Wannan magana tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin tsoron tuhuma shi ne ke sa ƙaramin ma'aikaci ya ɓata sa'o'i yana neman yadda zai tsara labari kafin ya sanar da na gaba da shi, na gaban ma ya tsaya jiran na gabansa. Alhali kuwa sa'a ta farko ita ce kome. Motar da ke ɗauke da tambarin gwamnati mabuɗi ce a kanta: mai gadin makaranta ko ɗan sandan shinge da ya hango ta daga nesa, abin da zuciyarsa za ta fara ba shi shi ne manya ne suka zo, ya gyara tsayuwa. Saboda haka da zarar an ƙwace irin wannan mota, kamata ya yi cikin 'yan mintoci labari ya kai ga kowane shinge, da kowace makarantar kwana, da kowane mashigin jirgi a yankin, da launinta da rubutun jikinta. Cigiyar akuya ma akan yi ta a kasuwa da gidan rediyo, balle motar da za a iya loda wa 'ya'yan mutane.

Duk da haka, tushen al'amarin yana kasuwa. Ba kowane babur da aka sace ne ke tafiya daji kai tsaye ba. Ƙaramin ɓarawon gari ba ya hawan abin da ya sata. Sayarwa yake yi, ko dai ɗungurungum ga dillalin da ba ya tambaya, ko kuwa a kwance shi a sayar da inji dabam, tanki dabam, ƙafafu dabam. Da babu mai saye da babu mai sata. Dokar Finalkod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi ɗaurin da ke iya kaiwa shekara 14 ga wanda ya karɓi kayan sata da saninsa, amma sau nawa ake jin an gurfanar da mai saye? Mutumin da aka kawo wa babur sabo fil a rabin kuɗinsa, ba rasit, ba takarda, an kuma goge lambar injin da magagari, ya ce bai sani ba, ya raina hankalin alƙali ne kawai.

Ingila ta fuskanci irin wannan matsala a kan baburan manomanta masu ƙafa huɗu, waɗanda ɓarayi ke kwashewa daga gonaki suna sayarwa, wani lokaci har a ƙasashen waje. A shekarar 2023 majalisar dokokinta ta zartar da doka wadda ta ba gwamnati ikon tilasta wa masu sayar da sababbi su sa musu na'urar hana tashi, su yi musu alamar da ba ta gogewa, su kuma ajiye bayanin wanda ya saya. Abin lura a nan shi ne inda suka ɗora nauyin, watau a kan mai sayarwa, tun kafin abin hawa ya bar kanti.

Ba sai an je Ingila ba ma kafin a sami wannan dabara. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san ba a sayar da saniya haka kawai. Baƙon da ya kawo dabba yana da mai masauki, akwai dillalin da ya tsaya masa, in daga baya ta bayyana ta sata ce an san wuyan wanda za a kama. Makiyaya kuma suna da shaidar da suke yi wa dabbobinsu tun kaka da kakanni. Me zai hana a yi wa babur abin da ake yi wa saniya? Har ila yau, a bakin wannan tafki an taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. A shekarun 1990, ƙarƙashin shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a tafkin Kainji, wanda ke da mazauni a Sabuwar Bussa, an riƙa bin tungaye ɗaya bayan ɗaya kowace shekara ana ƙidaya masunta da jiragensu da kayan kamunsu, aka kuma shigo da sarakunan gargajiya cikin sha'anin ba da lasin. In an iya ƙidaya kwale-kwalen da ke yawo a kan ruwa, ƙidaya babur da ke kwana a zaure ba zai gagara ba.

Abin da ake bukata shi ne littafi a hannun kowane dagaci a Ngaski da Shanga da Yawuri, mai ɗauke da sunan mai babur, da unguwarsa, da lambar inji da ta shasi, kwafinsa kuma yana sakatariyar ƙaramar hukuma da ofishin 'yan sanda. In za a sayar, a zo gaban littafin da shaidu biyu a sauya suna. Ƙungiyar makanikai da ta masu sayar da kayan gyara su ɗauki alkawarin ba za su taɓa injin da aka goge wa lamba ba. A mashigin Warra kuma, da sauran manyan mashigai, a rubuta lambar kowane babur da za a ɗora a jirgi, kamar yadda ya wajaba a rubuta sunayen fasinjoji. Littafi ɗaya ya wadatar da bukatun biyu. Masarautar Yawuri, da hakimanta da sarakunan ruwanta, tana da mutuncin da za ta sa a yi wannan, tana kuma da hanyar yin magana da masarautar Borgu domin a yi irinsa a ɗaya gaɓar, in ba haka ba aikin rabi ne.

Za a sami masu cewa wannan wata sabuwar ƙofar haraji ce da cin zalin talaka, kuma tsoronsu yana da dalili. An sha ganin an kafa shinge domin tsaro ya rikiɗe ya zama wurin karɓar na goro. Akwai kuma dubban mutanen kirki da suka sayi babur hannu da hannu shekaru da suka wuce, rasit ya ɓace ko gara ta cinye. In aka ce duk marar takarda ɓarawo ne, an yi zalunci, kuma jama'a za su guje wa littafin kamar yadda suke guje wa mai karɓar haraji. Saboda haka shigar farko ta zama kyauta, shaidar mai unguwa da maƙwabta biyu ta wadatar, kuma kada a ba kowa ikon ƙwace babur a hanya don kawai ba ya cikin littafi. Wannan rajista ba ta maye gurbin lambar gwamnati da lasin ba, taimaka musu take yi a inda ba su kai ba. Waɗansu kuma za su ce ɗan bindiga ba ya bi ta mashigin hukuma, ba ya kuma zuwa gaban dagaci. Gaskiya ne. Amma ɗan bindiga ba shi ke shiga zaure da dare yana kwance sarƙa ba. Yana da masu kawo masa, su kuwa a cikin gari suke kwana, a kasuwar gari suke ciniki, a jirgin gari suke haye ruwa. Su littafin zai takura.

Akwai wata fa'ida kuma da ba a cika tunawa da ita ba. Inda mutane suka fid da rai cewa abin da aka sace zai dawo, a nan ne suke ɗaukar doka a hannunsu, a yi ihun ɓarawo a kasuwa, kafin a tantance an hallaka mutum, wani lokaci ma wanda bai ji ba bai gani ba, aron babur ɗin ɗan'uwansa kawai ya yi. Littafin da zai tabbatar wa mai kaya kayansa shi ne kuma zai wanke wanda aka yi wa ƙazafi, cikin minti biyar, a gaban dagaci.

Kuɗin da aikin zai ci a ƙaramar hukuma guda, na littattafai da tambari da ɗan alawus na malaman da za su zagaya tungaye da ƙauyuka, bai kai kuɗin Hilux ɗaya ba. Majalisar ƙaramar hukumar Ngaski tana iya sa shi a cikin kasafinta na shekara mai zuwa, ta fara da motoci da baburan ofisoshinta da ke Warra, ta liƙa jerin lambobinsu a allon sanarwa na sakatariya inda kowa zai gani, sa'an nan ta aika wa dagatai nasu littattafan kafin damina ta rufe hanyoyi.